Idan ɗan sanda ya tsayar da kai a Amurka: abin da nake koya wa sababbin zuwa

Duk wanda ya sauka a Bronx ta birnin New York daga gida, ko daga Kano ya fito ko Maraɗi ko Zangon Kumasi, idan aka kawo mini shi in nuna masa hanyar samun lasin tasi, ba da maganar lasin nake farawa ba. Mota nake sa shi ya shiga ya zauna a kujerar direba, ni kuma in zagaya in tsaya a bayan kafaɗarsa ta hagu, in ƙwanƙwasa gilashi in ce ya ba ni takardu. Har yau ban ga wanda bai zura hannu a aljihu nan take ba. Wasu ma ƙofa suke buɗewa su fito da fara'a za su gaishe ni. Sai in ce masa, ɗan'uwa, wannan hannun naka shi za mu gyara yau, lasin ya jira gobe.

Kafin hannu ma, akwai wani tunani da za ka fara cirewa daga ranka. Da yawanmu mun zo muna ganin rigimar 'yan sanda da baƙaƙen fata ta 'yan ƙasa ce, ba ruwanmu, mu neman halak ya kawo mu, ba ma shaye-shaye, ba ma yawon dare. Ni ma da wannan tunanin na sauka a 2002. Amma wanda ke zaune cikin motar sintiri ba fasfonka yake gani ba, kuma bai san daga masallaci kake ba. Fata yake gani. Mu a nan baƙi ne sau biyu, baƙin zuwa kuma baƙin fata, kuma na biyun ake fara hangowa.

Amadou Diallo Bafulatani ne ɗan Gini, mai shekara 23, yana kasa kaya a bakin titi a Manhattan yana sayar da safa da safar hannu da kaset. Daren 4 ga Fabrairu 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a titin Wheeler, nan unguwar Soundview, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka nufo shi. Ya ja da baya cikin soron gidan ya zaro walat ɗinsa. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ba bindiga a jikinsa, ba wuƙa. Aka kai shari'ar birnin Albany, a Fabrairun 2000 aka sallami su huɗun duka. Nakan bi ta layin da fasinja, yanzu an sa wa wurin sunansa, kuma ban taɓa wucewa ban dubi ƙofar nan ba. Abin da kowane ɗan gida zai yi idan hukuma ta tare shi ya yi: nuna shaidar ko shi wane ne.

Kada kuma wani ya ce maka zargi ne kawai. A shekarar 2011 kaɗai, 'yan sandan New York sun tsayar da mutane a kan titi sau 685,724, kuma kusan tara cikin goma an sake su ba kamu ba sammaci. Fiye da rabinsu baƙaƙen fata ne, alhali baƙaƙen fata ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin ba. A Agustan 2013 alƙaliyar kotun tarayya Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda ake wannan tsayarwar ya saɓa wa tsarin mulki. Cikin hukuncin akwai lissafin da ba na mantawa: a cikin waɗanda aka tsayar, an fi samun makami a jikin farare fiye da baƙaƙe. Masu bincike na Jami'ar Stanford kuma sun duba tsayar da motoci kusan miliyan 100 a faɗin ƙasar, suka fitar da sakamako a 2020, suka ga cewa da duhu ya shiga, lokacin da ba a iya ganin fuskar direba daga nesa, kason baƙaƙen fata cikin waɗanda ake tsayarwa yakan ragu.

To, aikin daga ƙofar gida yake farawa. Tun 1996 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa muddin ka karya wata dokar hanya, komai ƙanƙantarta, ɗan sanda na da ikon tsayar da kai, ko da wani abu dabam ne a zuciyarsa. Saboda haka kada ka ba da ƙofa. Kullum kafin ka tayar da mota ka zagaya ta. Fitilar birki, tirafiketa, har 'yar ƙaramar fitilar da ke haska lambar mota ta baya, wadda ba wanda ke tunawa da ita. Ka duba kwanan watan da ke kan sitikar rajista da ta gwajin mota. Idan ka sayi mota mai baƙin gilashi ka sa a ɓare ledar, domin a jihar New York dole kashi 70 cikin ɗari na haske ya ratsa gilashin gefen direba. Kada ka rataye komai a madubin tsakiya, ko turaren mota ko carbi.

Maganar carbin nan a jikina na koye ta. Cikin azumin 2005 na sauke fasinja a wani ƙaramin gari a wajen birni, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na juyo ina sauri in riski sahur. Sai ga jan haske da shuɗi a madubi. Na faka, na buɗe ƙofa na fito kamar yadda na saba a hanyar Zariya, ina cewa sannu da aiki, hannuna na dama ya nufi aljihun jaket. Tsawar da aka daka mini ban fahimci ko kalma ɗaya a cikinta ba. Bakin bindiga kawai na gani da hasken tocila a idona. Kafin in ankara kumatuna na kan bonet, ƙarfen da ɗumin inji, bayana kuma iska mai sanyi na dukansa. Sun zaunar da ni a bakin kwalta fiye da rabin awa, suka zazzage but: darduma, buta, ledar dabino, tsohuwar taya. Sau uku ana tambayata motar wane ne, ga sunana a rubuce a takarda. Daga ƙarshe aka miƙo mini tikitin tara, wai carbin da ke madubi yana tare mini gani. Na isa gida ana kiran assalatu, ko ruwa ban iya haɗiya ba.

Wanda ya gyara ni maƙwabcina ne, wani dattijo baƙar fata ɗan ƙasa, haifaffen South Carolina, tsohon direban bas. Da na ba shi labari bai tsaya jajanta mini ba. Ya sa hularsa ya ce mu sauka wurin motar. Abin da nake yi wa sababbin zuwa yau, shi ya yi mini ran nan, sau biyar yana maimaitawa. Ya ce mahaifinsa ne ya zaunar da shi ya koya masa tun yana yaro, shi ma ya koya wa 'ya'yansa, kuma da wuya ka sami gidan baƙar fata a ƙasar nan da ba a yin wannan zaman. Tun ranar na daina sauraron 'yan'uwanmu masu raina waɗannan mutane a majalisa. Sun riga mu sanin hanyar da ɗaruruwan shekaru, kuma duk 'yancin da zan lissafa a ƙasa su suka sha duka da ɗauri kafin a same shi.

Takardunka uku, lasin da rajista da inshora, ka haɗa su cikin 'yar leda mai haske ka maƙale a bayan marfin nan na tare rana da ke saman sitiyari. Kada su zauna a akwatin gaban mota, kada su zauna a aljihun baya. Ranar Juma'a ka ƙara kula, domin aljihun kaftani zurfi gare shi, hannu yakan nutse har gwiwa, kuma wanda ke tsaye a waje bai san abin da zai fito ba. Bayan Babbar Sallah ka tabbata wuƙar yanka ba ta kwana a mota ba. Garin magani da aka aiko maka daga gida a ƙulle cikin leda, kanwa, jiƙo, ka bar su a ɗaki. Bayanin da za ka yi a kansu da ƙarfe biyu na dare ba zai shiga kunnen kowa ba. Maganin asibiti kuma ya zauna cikin kwalbarsa mai ɗauke da sunanka.

Da ka ga haske ko ka ji jiniya, ka kunna tirafiketa nan take don ya san ka gan shi, ka rage gudu, ka faka a hannun dama inda ke da fitila idan akwai a kusa. Ka kashe inji. Ka sauke gilashi. Idan dare ne ka kunna fitilar cikin mota. Ka kashe rediyo, ko karatu kake ji. Sannan ka ɗora hannayenka biyu a saman sitiyari, yatsu a buɗe, ka bar su a nan. Kada ka fara lalube wai kana shirya takardu kafin ya iso, domin daga baya abin da yake gani shi ne kafaɗa tana sunkuyawa. Idan da mutane a motar ka ce kowa ya ɗora hannu a gwiwa ya yi shiru.

Kada ka fito. Wannan ita ce al'adar gida da ta fi kowace haɗari a nan. A wurinmu zama cikin mota babba yana tsaye rashin kunya ne. A wurinsu buɗe ƙofa alamar faɗa ce ko gudu. Patrick Lyoya ɗan gudun hijira ne daga Kongo, mai shekara 26. Ranar 4 ga Afrilu 2022 aka tsayar da shi a Grand Rapids, jihar Michigan, a kan lambar mota. Ya fito ya tsaya, ana ce masa ya koma ciki, magana ta rikice, ya yi yunƙurin gudu, aka yi kokawa, ɗan sandan ya harbe shi a ƙeya yana kife a ƙasa. Fitowa daga mota ba laifin kisa ba ne, kuma ba zan taɓa ɗora masa alhakin mutuwarsa ba. Amma na kalli bidiyon, na ga kaina a daren azumin nan. Idan kuwa shi ɗan sandan ne ya ce ka fito, to ka fito a hankali, doka ta ba shi wannan ikon tun 1977.

Duk motsin da za ka yi, bakinka ya riga hannunka. Ya ce kawo lasin, ka ce masa yana saman kaina a bayan marfin nan, zan ɗauko da hannun dama. Ka jira ya amsa, sannan ka miƙa hannu a hankali. Ka dube shi a fuska idan yana magana. Na san an tarbiyyantar da mu a kan sunkuyar da kai gaban manya, amma a nan kau da ido sai a ɗauka kana ɓoye wani abu. Kada ka taɓa shi, ko da irin dafa hannun nan na roƙo. Kada ka durƙusa. Kada ka juya ka yi wa na kusa da kai Hausa. Maganar na goro kuwa, ko da wasa kada ta fito daga bakinka, kada kuma kuɗi su leƙo daga cikin takardun da ka miƙa. Tayin cin hanci babban laifi ne da ke kai mutum kurkuku, daga can kuma jirgi.

Akwai wata ɗabi'a tamu ta cewa to, to, ga duk abin da babba ya faɗa, ko mun gane ko ba mu gane ba. Da Turanci wannan “yes” ɗin yana iya zama izinin da ka bayar a caje motarka. Idan ba ka fahimta ba ka ce ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta. Idan ya tambaye ka ko ka san dalilin da ya sa ya tsayar da kai, ba dole ka yi ta kintace kana tona wa kanka asiri ba. Ka ce ya gaya maka.

Jimloli uku nake sa kowa ya haddace kamar karatun allo. Ta farko: “I do not consent to a search,” wato ban yarda a caje ni ko motata ba. Faɗin haka ba zai hana su ba idan sun yi niyya, kuma kada ka sa hannu ka tare su, amma kalmar za ta shiga kyamarar da ke ƙirjinsa, lauya kuma zai same ta a gaba. Ta biyu: “Am I free to go?” wato an sallame ni in tafi? Idan ya ce e, ka tafi ba tare da ƙarin magana ba. Ta uku, idan abin ya kai ga ankwa: “I want to remain silent and I want a lawyer,” wato na yi shiru, lauya nake so. Sai ka furta ta da baki doka take lissafa ta. Bayan ka faɗa kuma ka yi shirun da gaske, a mota, a caji ofis, har a waya, domin wayar can ana naɗarta.

Wayarka ma tana da kariya. Tun 2014 Kotun Ƙoli ta ce ba a buɗe wayar wanda aka kama sai da takardar izini daga alƙali. Ka kulle ta da lambobi, kada ka karanta wa kowa su. Ka sayi 'yar kyamarar gaban mota mai ɗaukar ciki da waje, kuɗinta bai kai tarar tikiti ɗaya ba. Ɗaukar bidiyon ɗan sanda a bainar jama'a halas ne muddin ba ka shiga tsakaninsa da aikinsa ba. Ba don Darnella Frazier, yarinya mai shekara 17, ta riƙe wayarta ba ta sauke ba a Minneapolis ranar 25 ga Mayu 2020, da sanarwar farko da 'yan sanda suka fitar a kan mutuwar George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya danne wa wuya da gwiwa, ita za ta zauna. Amma kai da ke kan sitiyari, kada ka miƙa hannu ɗauko waya yana tsaye a kanka. Ta kasance a maƙale tana ɗauka tun kafin ya iso.

Mu da muke da maganar takardun zama, nauyinmu ya ninka. Mai katin zama na dindindin da ya kai shekara 18, doka ta ce ya riƙa yawo da shi. Kada ka taɓa cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba ka zama ba. Wannan ƙaryar guda tana iya rufe maka ƙofar takarda har abada. Kada ka nuna takardar wani. Tikitin hanya, a jihohin da ake sa hannu, ka sa, domin alkawarin zuwa kotu ne kawai. Amma duk wata takarda a caji ofis, kada alƙalaminka ya taɓa ta sai lauya ya karanta. Za a iya ce maka ka amsa ƙaramin laifi ka koma gida yau. Ƙaramin laifin nan shi ke tashi bayan shekaru ranar da ka je sabunta kati. Tun 2010 wajibi ne lauyanka ya gaya maka idan amsa laifi zai jawo a kore ka daga ƙasar, to ka tambaye shi ƙarara. Kana kuma da ikon cewa a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka.

Ba zan yaudare ka ba: mutum na iya yin duk wannan a kashe shi. Philando Castile ma'aikacin kicin ne a wata makarantar firamare a Minnesota, an tsayar da shi fiye da sau 40 a rayuwarsa, ya san tsarin sarai. Ranar 6 ga Yuli 2016 ɗan sandan da ya tare shi ya faɗa a rediyo cewa ya yi kama da wani ɗan fashi saboda faɗin hancinsa. Castile ya miƙa takardar inshora, ya sanar cikin ladabi cewa yana ɗauke da bindiga, wadda yake da lasisinta. Cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi, da yarinya 'yar shekara 4 a kujerar baya. A 2017 aka wanke ɗan sandan. Wannan karatun da nake ba ka rage haɗari yake yi, kuma yana ci mini rai cewa mu aka ɗora wa nauyin natsuwa, ba mai bindiga ba.

Shi ya sa rabin aikin bayan an sallame ka ne. Ka matsa gaba kaɗan ka faka, ka rubuta lokaci, titi, lambar motarsu, suna da lambar da ke ƙirjinsa, abin da ya ce da abin da ka ce. A birnin New York, tun Oktoban 2018 doka ta tilasta wa ɗan sanda a wasu lokuta, kamar idan ya caje ka ko motarka, ya ba ka kati mai sunansa da muƙaminsa, kuma idan ka nema dole ya bayar. Idan an ci zarafinka ka buga 311 ka ce a haɗa ka da hukumar farar hula mai karɓar ƙorafi a kan 'yan sanda, wato CCRB. Idan akwai rauni ka je asibiti a ranar, ka ɗauki hoto. Mai niyyar kai ƙarar birni kwana 90 kacal gare shi ya shigar da takardar sanarwa, don haka kada a tsaya sai an gama shawara a majalisa. Tikiti kuma kada ka yi saurin biya don a wuce wurin. Biya amsa laifi ne, maki yana taruwa, kuma direban tasi da maki ya taru masa lasin ake dakatarwa.

Na san abin da muke cewa: na bar shi da Allah. Ni ma haka na ce a 2005, na biya tarar carbi na yi shiru, kuma har yau ina nadama. Ka bar shi da Allah, ka kuma cike takarda. Hukuncin 2013 da na ambata, da rubutattun bayanai da mutanen da suka tsaya gaban alƙali suka ba da shaida aka same shi.

A ƙafa ma haka abin yake, hannu a fili, ba gudu, a tambaya ko an sallame ka. A kanti ka karɓi rasit ko na cingam ne, ka sa kayan a ledar kantin, kada ka cusa a aljihu.

Sai yara. A gida bindigar roba tsarabar Sallah ce, kowane yaro da tasa. A nan ba ta shiga gidana, kuma ina roƙon iyaye mata su cire ta daga kayan da kakanni ke aikowa. Tamir Rice shekararsa 12, yana wasa da irinta a wani filin shaƙatawa a Cleveland a Nuwamban 2014, motar 'yan sanda ta tsaya, cikin kamar daƙiƙa biyu aka harbe shi. Yaronmu mai tsayi, ɗan shekara 13, kallon babba ake yi masa.

Da babban ɗana ya cika 16 ya samo takardar koyon tuƙi, na sauko da shi wurin motar kamar yadda dattijon nan ya sauko da ni. Ya ɗora hannu a sitiyari, na ƙwanƙwasa gilashi, ya faɗi inda takardu suke, ya jira, ya ɗauko. A karo na uku ya juyo ya ce, “Baba, in na yi duk wannan, shi ke nan ba abin da zai same ni?” Na ce masa ban isa in yi masa wannan alkawarin ba. Ya yi shiru, ya mayar da hannayensa kan sitiyari. Muka sake yi sau biyu, sannan na sa ya karanto mini lambar wayar mahaifiyarsa da ka, da ta lauyan da muka ajiye, domin idan aka kama mutum waya ake fara karɓewa.